Ma'aunin Inna a Bakin Hanya

Ulm, Jamus
Oktoba 1978

Barisha,

Ina gaishe ka, ina gaida Tonka da yara. Ka gaida Goggo Manda, ka ce mata man shafawar gwiwa yana zuwa ta hannun direban bas. Ni lafiyata ƙalau, in ka cire bayan nan da injin guga ya cinye. Gaisuwa ta ƙare, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Ranar Litinin muna shan kofi a ɗakin wanki na asibiti, wata nas Bajamushiya ta shigo da hotunan hutun da suka je ita da mijinta. Ta nufo ni tana washe baki. "Perka, ƙasarku muka je! Mun hau dutsen Velebit, ƙafafuna har yau ba su dawo nawa ba." Ta yi ta miƙo mini, ga teku, ga tsibirai, ina ta cewa ya yi kyau. Sai ga wani hoto. Mijin nata zaune ya baje, burodi a hannu, gwangwanin kifi buɗe a gefensa, ya miƙe ƙafa ya ɗora takalminsa a kan wani dutse mai zanen rana da ɗan gicciye a ƙasa.

Baba ne ya sassaƙa zanen ranar nan da ƙusa da guduma, ina riƙe masa dutsen. Ko a makance zan gane ta.

"Dubi bencin da mutanenku suke yi wa matafiya," in ji ta. "Masu kirki!"

Na ce mata ba benci ba ne, uwata ce. Ta ɗauka kabari nake nufi, fuskarta ta yi fari fat, sai da na zaunar da ita na yi mata bayani da guntun Jamusancina. Na ce kabarin yana ƙasa a bayan coci, ba komai a cikinsa sai ƙashi. Na ce wanda ya mutu a bukkokin kiwo can saman dutse, in an ɗauko shi zuwa gari ba a sauke shi sai a wuri guda. A nan ake kwantar da shi a ƙasa, a kafa dutse a kansa, a kafa dutse a ƙafarsa, a shimfiɗa duwatsu a tsakani, kuma a nan ransa yake zama. Mirilo, na ce mata, ma'auni. Ta yi ta ba ni haƙuri har ta ba ni kunya. Ita ba ta da laifi, me ta sani?

Amma a gefen hoton akwai wani abu. A jikin bangon dutsen da ke bayan ma'aunin Inna an zana jar da'ira da farin ɗigo a tsakiya. Tonka ta rubuto mini bara cewa ka sayar da rabin tumakin, ka koma yawo da gwangwanin fenti kana yi wa 'yan birni alamar hanya. Na yi dariya a lokacin, na ce auta ya sami aikin da ya dace da shi, tafiya ba kaya. Yau ba na dariya. Hannunka ne ya zana abin nan, Barisha. Kai ka kira su, kai ka kawo su har kan Inna su buɗe gwangwani.

Ka hau ka kankare fentin nan. Ka bi da su ta wani wajen, dutsen yana da faɗi, ya ishi kowane mahaukaci mai son wahalar da ƙafarsa. Ina jiran amsa, kuma ba ta bakin Tonka ba.

Yayarka,
Perka

Podgreda
Nuwamba 1978

Yaya Perka,

Wasiƙarki ta iso, Tonka ta karanta a tsaye, ta miƙo mini ita kamar ta ɗauko kunama. Muna lafiya. Iskar bura ta kwashe mana rufin akurki ranar Lahadi ta kai shi teku, kajin dai suna nan. Goggo Manda ta ce an gode da man, amma gwiwa ta riga ta tafi.

Ashe kin tuna akwai dutse a bayan gidanmu. Na yi murna. Sai da Bajamushe ya hau ya ɗauko miki shi a takarda kika gan shi, amma ba komai.

Bari in ba ki labarin da ba ya cikin hoton. Bayan tafiyarki gidaje suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna bakin teku suna ba baƙi hayar ɗaki, wasu suna can wajenku suna wanke zanen gadon mutane. Rufin bukkokin ya rufta, ba mai hawa da tumaki sai ni da maƙwabcinmu Dane, shi ma tsufa ya zaunar da shi. Shekarar da aka haifi autarmu na ce bari in hau ranar tunawa da matattu in kunna wa Inna kyandir. Tun safe nake sara da adda, rana ta take ban kai ba. Da na isa, ƙaya ta rufe wurin ruf, sai da na shiga da rarrafe ina lalube kafin hannuna ya taɓa ranar da Baba ya sassaƙa. Ma'aunin tsoho Pilip da ke kusa da nata aladun daji sun tone shi, har yau ban san inda dutsen ƙafarsa ya shiga ba. Ba ki ga wannan ba, don ba wanda ya ɗauki hotonsa.

Hanya ƙafa take so, Yaya, ni kuwa biyu gare ni. Da mutanen ƙungiyar masu hawan dutse suka zo neman wanda ya san tsohuwar hanyar, na ce ga ni. Mahaukata ne, na yarda. Mutum ya bar gadonsa mai laushi, ya goyo jaka, ya zo yana haki don ya kalli tekun da zai iya kallo daga ƙasa. Amma takalmansu sun yi abin da addata ta kasa. Bana Goggo Manda ta hau a kan alfadari, ta zauna wajen Inna ta yi mata hira har yamma, ta ba ta labarin duk wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Ta sauko tana cewa, "Kai ɗan nan, ashe kana da amfani."

Kin ce in bi da su ta wani wajen. Wane wajen? Ko Jamus ta goge miki wurin a ka? Dama bango ne miƙe, hagu rami ne har teku. Don me kike zato kakanni suka zaɓi nan su sauke gawa? Nan kaɗai ne mutum huɗu za su tsaya da makara ba wanda ya zame. Hanya ɗaya ce, da matattu da masu rai duk ita suke bi.

Wanda ya zauna bai kyauta ba, ni ma raina ya ɓaci. Duk wanda na raka ina ja masa kunne. Amma ba zan tare a can da sanda ina gadi ba.

Tonka ta ce in gaya miki addar tana rataye a bayan ƙofa, in kin zo ba sai kin tambaya ba. Na ce mata ba zan rubuta wannan ba.

Ƙaninki,
Barisha

Ulm
Disamba 1978

Barisha,

Ina fata kuna lafiya. Ka ce wa Tonka na ji saƙonta, ta riƙe addarta, ta fi ni iya sara.

Ka cika takarda biyu don ka gaya mini ƙaya ta fi gindin baƙo muni. To ni ƙayar nake so. Ƙaya ba ta cin kifin gwangwani, ba ta ɗora wa mutum takalmi. Inna ta yi rayuwarta tana kauce wa idon baƙi, ko mai sayen cuku ne ya hau, bayan bukka take komawa. In hanyar ba za ta matsa ba, a rufe ta. Ka kankare fentin tun daga ƙasa, su koma bakin ruwa su gasa cikinsu a rana.

Na san abin da ya sa abin bai dame ka ba. Ranar da aka sauko da ita kana goye a bayana, kana tauna mini kitso kana kukan yunwa. Ba ka san fuskarta ba, ba ka san muryarta ba. A wajenka duwatsu ne kawai, shi ya sa kake wucewa da fentinka kana fito.

Kada ka sake rubuto mini sai ƙafar baƙo ta daina bi ta kanta. Kafin nan ba ni da ƙane a Podgreda.

Perka

Podgreda
Fabrairu 1979

Yaya Perka,

Muna lafiya, autar ta yi tari ta warke. Kin ce kada in rubuto, ga shi na rubuto, ki ƙara a cikin laifuffukana.

Kirsimeti ta wuce ba ko kati, sabuwar shekara ta wuce. Kullum mai kawo wasiƙu ya gifta sai Goggo Manda ta leƙo, "Ba komai daga Jamus?" Na ce mata dusar ƙanƙara ce ta tare hanya. Ta ce, "Ƙanƙarar nan da sunanka ta faɗo."

Maganar da kika yi cewa ban san fuskarta ba gaskiya ce, kuma ta yi mini ciwo daidai yadda kika so. Ba ni na zaɓi in zama jariri a ranar ba.

Hanyar ba tawa ba ce da zan rufe. Ta shiga taswirarsu, ko na kankare fentin wani zai zo ya maido. Kuma in hazo ya sauko mutum ya ɓace ya faɗa rami don na goge alama, ba zan ɗauki wannan ba, ko don ke. Amma ina tunani. In kin ga dama ki amsa.

Barisha

Podgreda
Maris 1979

Yaya Perka,

Kowa lafiya. Shirunki na ji shi, na gane amsar ke nan. To, na gama. Kin ce ƙafar baƙo ta daina bi ta kan Inna, daga yau ba za ta sake bi ba, sai ki nemi wani abin da za ki riƙe ni da shi.

Tunda hanya ta ƙi matsawa, Inna na matsar. Kin tuna ɗan kwarin da ke sama da maɓuɓɓuga, inda itacen nan da tsawa ta tsaga yake? Ba hanya a can, ba a hango shi daga ko'ina, bura ma ba ta shiga, ga teku shimfiɗe a gaba. Da ƙanƙara ta narke na hau da alfadari ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba, ko Tonka, don kada ki ce ita ta ba ni shawara. Na tone dutsen kai, na naɗe shi a bargona don kada zanen ya goge. Na tone na ƙafa. Shimfiɗaɗɗun na tsakiya duk sun tsattsage, wasu a hannuna suka ruguje, sai na zubar da su a rami na fasa sababbi. Kafaɗata har yanzu ba ta ɗaguwa.

Ki zo ki gani, Yaya. Tsohon ɗan guntu ne kamar na yarinya, duk lokacin da na wuce sai in ji kunya, na maƙwabta duk sun fi shi. Wannan kuwa na ba shi tsawo na ba shi faɗi, ba wanda ya kai shi a duk dutsen nan. Kan yana gabas yadda ake yi, ban manta ba. Lokacin da aka yi titin bakin teku ai an kwashe rabin maƙabarta an mayar bayan coci, Fadan cocin ya yi addu'a, ba mamacin da ya yi ƙorafi. Wannan kwashewar ce ta ba ni dabarar.

Tsohon wurin na baje shi na share, masu jaka su zauna a ƙasa in sun so.

Yanzu ina da yaya ko babu?

Barisha

Ulm
Afrilu 1979

Barisha,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Ku dai kuna lafiya, na gani. Ni tun kafin Kirsimeti nake kwance a asibitin da nake wa wanki, baya ya riƙe, aka yanka, aka hana ni ko juyawa. Wasiƙunka biyu suna ƙarƙashin ƙofar ɗakina, jiya da aka sallame ni na tsince su. Na karanta ta farko na yi kuka, na ce gobe zan rubuta wa yaron nan in ce bakina ya yi zafi. Sai na buɗe ta biyun.

Me ka yi? Wayyo Allah, Barisha, me ka yi?

Ka auna? Kafin ka tone dutsen ƙafa, ka sa igiya, ka sa sanda, ka sa ko da tafin hannunka? Na san amsar, tunda ka ce ka ba shi tsawo. Wa ka ba tsawo? Guntu ne don ita guntuwa ce. Ba mu da hotonta ko ɗaya. Abin da ya rage mana na jikinta a duniya shi ne tazarar da ke tsakanin duwatsun nan biyu, kai kuma ka sa tsintsiya ka share.

Kabari ƙashi ne, a kwashe a kai ko'ina, shi ya sa ba wanda ya ce uffan lokacin titi. Ma'auni kuwa wurin ne, duwatsun shaida ce kawai. Ina tsaye aka sauke ta, rana tana leƙowa ta bayan dutse. Baba ya durƙusa ya kafa na kai har ya taɓa gashinta, Dane ya kafa na ƙafa ya danna shi a tafin ƙafarta. Goggo Manda ta ce mini, "Ki duba da kyau, 'yar nan, daga nan gangar jiki kawai za su ɗauka, ita ta sauka." Tun ranar a nan take. Yanzu ka kwashe mata kai da ƙafa ka kai wani kwari da ba ta taɓa kwanciya a ciki ba, ka gina wa wani ƙato da ba a haifa ba gado, ita kuma ka bar ta a fili, ba ta da inda za ta jingina kai, takalma suna bi ta cikinta. Gara Bajamushen da gwangwaninsa sau dubu.

Cewa na yi ka rufe hanya, ban ce ka taɓa ta ba. Da ka tambayi Goggo. Da ka tambayi ko Tonkar da kake ɓoye wa, ita ma ba za ta yi wannan wautar ba.

Ka mayar. Yadda yake, inda yake, ba ƙari ba ragi. Ban san yadda za ka yi ba, kai ka san yadda ka yi na farko.

Perka

Podgreda
Mayu 1979

Yaya Perka,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Da kin sa wata ta rubuto layi biyu cewa kina kwance, da duwatsun suna inda suke. Ban ce laifinki ba ne. Na dai faɗa.

Na gaya wa Goggo Manda. Ta ce in matso, na matso, ta zabga mini sandarta a ƙwauri a gaban 'ya'yana. Ta ce, "Alfadarin ya fi ka hankali, shi ɗora masa aka yi." Na je wajen Fada, ya ce rai yana hannun Allah, ba a tsakanin duwatsu ba, in je in huta. Na kawo wa Goggo wannan, ta ce Fadan ɗan tsibiri ne, me ya sani da dutse.

Na maido dutsen kai da na ƙafa. Ramin na kai na same shi, saiwar da na sare tana nan ta nuna mini, na kafa shi ya zauna daram. Na ƙafa ne babu. Ruwan Afrilu ya wanke ƙasar, aladu sun bi, masu jaka sun bi, ni kuma da hannuna na baje. Na yini a durƙushe ina tono da cokali, ba ko alama. Dutsen yana jingine a gefe. Na kasa kafa shi da ka, don kan nan ne ya kai ni inda nake.

Cikin waɗanda suka ɗauke ta Dane kaɗai ya rage. Na same shi a bakin ƙofa yana shan hantsi. Na ce, "Baba Dane, Innarmu, Ika matar Tome, yaya tsayinta?" Ya ce, "Ika? Doguwa, sambal, kamar sandar jirgin ruwa." Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Ƙarya yake, tsohon banza! Wannan Ikar gidan Pilip ce, wadda ya so bai samu ba." Ya ce, "Ke wa ya kasa da ke?" Suka kaure da faɗa, na taso.

Goggo ce ta kira ni daga baya. Ta ce bazarar da Inna ta rasu kina sa siket ɗinta na zuwa coci ba a rage ba a ƙara. Ta ce ranar bikin Maryamu an tsayar da ku baya da baya a ƙofar bukka ana dariya, aka ɗora faranti a kanku bai karkata ba. Ta ce daga nan ba ki ƙara tsawo ba, don daga ranar kika fara ɗaukar itace da ni.

Na san abin da nake roƙo. Na san ba a auna mai rai da zare, gawa ake yi wa haka, Goggo ma da ta faɗa sai da ta yi alamar gicciye ta tofar da yawu. Tonka ta ce kada in rubuta, wannan karon da gaske take. Amma ba wani ma'auninta a duniya sai ke. In kin ƙi ban ga laifinki ba, sai dutsen ya ci gaba da jingina.

Ƙaninki,
Barisha

Ulm
Yuni 1979

Barisha,

Jiki da sauƙi, na koma aiki rabin yini. Ka gaida Goggo, ka ce mata sanda ɗaya ta yi kaɗan.

Zaren yana ciki, na naɗe shi a guntun kwali. Na ɗinkin buhu ne, ba ya miƙewa.

Na daɗe ina ɗaukar wasiƙarka ina ajiyewa. Na fara roƙon Stana, 'yar wajenmu da muke guga tare. Ta jefar da zaren kamar ya ƙone ta, ta ce, "Ke Perka, kin haukace? Jiya-jiya kika tashi daga gadon asibiti, yau ki kwanta in auna ki? Nemi wata, ni ba ruwana." Sai na sami matar da nake haya a gidanta, wadda ba ta san komai ba. Na ce mata riga za a ɗinka mini a gida. Ta ce, "A kwance ake awon riga a ƙasarku?" Na ce e, haka muke.

Na cire takalmi na kwanta a ƙasan ɗakina, kai wajen gabas, na haɗa hannu a ƙirji ban ma san na yi ba. Ta dafa zaren a tsakar kaina ta ja zuwa tafin ƙafa tana ba ni labarin kyanwarta. Ni kuwa ina kallon silin, tsoro ya kama ni irin wanda bai kama ni ba ko ranar da za a yanka ni. Da ta datse zaren da almakashi, a cikina na ji ƙarar.

Ka ƙara yatsu biyu a kan abin da na aiko. Wanki da wuƙar likita sun rage ni, Inna kuwa a miƙe ta mutu. Yatsu biyu, Barisha, ba tafin hannu ba, ba abin da idonka ya ga ya fi kyau ba.

Maganar hanya na bari, ba don ka yi gaskiya ba, don na gaji. Kuma kada ka ɗauka zaren nan yafiya ne.

Perka

Podgreda
Ƙarshen Yuni 1979

Yaya Perka,

Muna lafiya. An kafa.

Ranar Asabar muka yi sammako, ni da Tonka, Goggo a kan alfadari tana zagina tun daga ƙofar gida har maɓuɓɓuga. Muka jira rana ta leƙo. Tonka ta riƙe bakin zaren a jikin dutsen kai, na warware shi ina ja da baya a durƙushe, ina jira ya ci gaba, sai ya ƙare a hannuna. Nan da nan ya ƙare, Yaya. Ke da kika goya ni har ƙasa, ke da nake tsoron buɗe wasiƙarki, ashe ɗan wannan ne.

Na tsaya ina kallon tsayinki a kwance a ƙasa, a wurin da ake sauke matattu, hannuna ya ƙi ɗaukar dutsen. Tsoro na ji, ba zan ɓoye miki ba. Goggo ta ce, "Kafa mana! Me kake jira, sai ta zo da kanta?" Tonka ta ce, "Goggo, bar shi."

Sai na ɗora yatsu biyun a bakin zaren, na kafa dutsen a bayansu, na danna. Manyan shimfiɗaɗɗun da na fasa sun yi yawa, na sassare kaɗan na jera a tsakani, sauran na haɗa su benci can gaba, mai son zama ya zauna can. Goggo ta kunna kyandir ta ce wa Inna, "Yi haƙuri, Ika, ɗanki ne, haka Allah ya ba ki."

Abu ɗaya, gara ki ji daga bakina kafin Goggo ta kai miki. Tonka ta miƙo yatsunta, ta ce su ne daidai da naki, na ture hannunta na sa nawa. Kin san kaurinsu. Wataƙila na ƙara wa Inna ɗan abin da ba nata ba. Ita ta yafe mini wannan, ke kuma ki yi faɗa in kin ga dama, ki cika takarda huɗu, zan karanta. Amma so nake in tabbata duk wanda ya zo da zare ya auna wurin nan, ba zai sami tsayinki daidai ba. Kina da rai, Yaya, ba zan kwantar da ke a dutsen nan da hannuna ba.

Ƙaninki,
Barisha